Shafin intanet na shago: wanne za ka zaɓa, wa za ka ba aikin?

Ƴan kasuwar Damagaram, daga dukawan Birni har masu shaguna a kasuwar Dole, sun fara neman shafin intanet. Kafin ka ba kowa ko jika ɗaya, ka tuna da wanda zai shiga: ƙaramar salula ce a hannunsa, rezon Airtel ko Zamani yana zuwa yana ɗaukewa, megarsa kuma a ƙidaye take. In bai ga farashi da lambarka da wuri ba, ya tafi.

Ni dai WordPress ne nawa, wato manhajar da ake haɗa shafin intanet da ita. Tun 2003 ake aiki da shi, kyauta ne, kuɗin masauki (inda ake ajiye shafin a intanet) da na sunan shafi kawai za ka biya, kuma maɓallan sama kai ke jera su yadda ka ga dama. Huɗu sun isa: Kaya, Farashi, Inda muke, Kira mu. Kowane mahaɗi, wato rubutun da ake dannawa a tafi wani wuri, ya faɗi inda zai kai mutum. "Danna nan" ba ta gaya wa kowa komai, amma "takalman fata na maza" ko yaro ya gane. Maɓalli ya yi girman da babban yatsa zai taɓa shi bai haɗa da na kusa ba. Shawarar Google ma kusan milimita 9 ce. A sa mahaɗin wa.me na WhatsApp da 227, lambar ƙasar Nijar, gaban lambarka, dannawa ɗaya mai saye ya faɗo WhatsApp ɗinka ku yi ciniki.

Wix, wani dandalin haɗa shafi, yana da kyan gani, amma ba ka iya kwashe shafinka ka kai wani masauki. Facebook kuwa, kayan da ka sa jiya yau sun nutse.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu haɗa shafin. Wanda ya yi mini nawa da sunansa ya yi rajistar adireshin, lokacin sabuntawa ya ninka kuɗi, ko in biya ko in rasa, kamar wanda ya gina shago a filin wani. Wasu kuma zanen shafi na sata suke ɗaukowa, cikinsa da ɓoyayyun mahaɗai: mai sayenka ya danna jakar fata, ya tsinci kansa a wurin caca, sunanka ya ɓaci.

Ko da .ne adireshin ya ƙare ko da .com, a yi rajista da sunanka da imel ɗinka, kalmar sirri ta shigo hannunka kafin cikon kuɗi. Sannan ka ɗauko tsohuwar salula, a gaban mai haɗa shafin ka danna kowane mahaɗi ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai buɗe ba, ya gyara nan take.