Birni ko Zango: Ina Baƙon Damagaram Zai Fara?

Baƙon da ke da yini ɗaya a Damagaram yakan rasa inda zai fara tsakanin Birni da Zango. Birni ita ce unguwar sarauta, inda fadar Sarkin Damagaram take kusa da babban masallaci, ga lunguna suna ratsa manyan duwatsu da gidajen ƙasa masu zane a fuskar zaure. Wanda ya dace da Sallah zai ga hawan dawakai, ya ji kakaki. Zango kuwa masaukin fatake ne tun zamanin ayarin raƙuma, amma mai neman kilishi da kayan fata gara ya nufi babbar kasuwar da ke tsakanin Birni da Zango, musamman ranar Alhamis da take cika. A ganina a ba Birni safiya, domin da ƙafa ake zaga ta.