Tsohon Ɗakin Kaji a Legas: Me Za Ka Saya Kafin 'Yan Tsaki Su Iso?

Ɗan yayata ya kama hayar gida a wani lungu na Agege, ya tarar da ɗakin kaji a bayan gidan, ƙasansa bulo, samansa raga, wanda mai hayar baya ya tafi ya bari. Ya kira ni yana murna: "Kawu, na samu ɗaki a ɓagas. 'Yan tsaki 200 zan zuba saboda kasuwar Kirsimeti. Wane magani zan saya in fesa?" Na ce masa, "Kai yaro, me ya sa wancan mutumin ya daina kiwo? Sayarwa ya yi, ko mutuwa suka yi?" Sai ya yi shiru.

Amsar wannan tambaya ce ke nuna abin da za ka saya. Mai shagon magungunan kaji ba zai yi maka ita ba, shi dai ya miƙo maka roba. Ka tambayi maƙwabta, domin kajin da suka mutu a gidan haya ba sa ɓoyuwa.

Lissafin lokaci ma ya zo kafin na kuɗi. Kajin nama suna isa yanka a mako 6 zuwa 8. Wanda ke son ya sayar a makon Kirsimeti, 'yan tsakinsa za su iso ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. Ɗakin yana bukatar aƙalla mako biyu babu kaza a ciki bayan an wanke an fesa, ga kwanakin gyara. Ke nan farkon Oktoba za ka soma aiki, daidai lokacin da ruwan sama na biyu bai gama ɗaukewa a Legas ba. A Katsina ka wanke daɓe da safe, kafin la'asar ya bushe ƙayau. Nan sai ya kwana uku yana naso. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin ka taɓa kowane magani, sayayyarka ta farko mai arha ce: shebur, tsintsiyar kwakwa mai tauri, buroshi, omo, safar hannu, takunkumi, da buhunan kwashe tsohon kashi. A kwashe shi a bushe, a fitar da shi daga gidan gaba ɗaya, masu lambun ganye suna sonsa a matsayin taki. A kakkaɓe yanar gizo-gizo da ƙurar da ta daskare a raga da katakon rufi, a wanke daga sama zuwa ƙasa da ruwan omo, a ɗauraye, a bar shi ya bushe. Duk maganin da zan ambata a ƙasa ƙarfinsa raguwa yake idan ya sauka a kan kashin kaji. Wanda ya fesa a kan datti, kuɗinsa ya fesa.

To, ga magungunan.

Izal shi kowa ke fara ɗauka, saboda warinsa yana kwantar da hankali. Yana da amfaninsa: ya fi bilic jure ɗan dattin da ya rage, yana kashe ƙwayoyin cuta da dama, kuma ya dace da kwata da kwanon tsoma ƙafa na bakin ƙofa. Rauninsa shi ne, magunguna irin nasa ba su cika cin ƙwayar Gumboro ba. Wannan cuta, wadda ta samo sunanta daga wani gari a jihar Delaware ta Amurka inda aka fara gano ta, tana kama 'yan tsaki galibi tsakanin mako 3 zuwa 6, kuma ƙwayarta tana iya zama a ɗaki wata da watanni bayan an kwashe kaji. Idan maƙwabta suka ce maka kajin baya suna da kusan wata guda suka fara zawo fari, gashinsu ya tashi, suka riƙa faɗuwa, kada ka dogara da Izal. Wari ba shaida ba ne.

Bilic, irin su Hypo da Jik, ya fi kowa sauƙin samu, ko a shagon kan layi akwai. Duba jikin robar. Idan ƙarfinsa kashi 3.5 cikin ɗari ne, awo ɗaya a cikin awo 6 na ruwa ya ba ka haɗi mai ƙarfi na wanke daɓe da bango. A kan siminti mai tsabta yana aiki sosai, haka a kan mazuban ruwa da na abinci na roba. Amma yana cin ƙarfe, ragar da dama tsatsa ta fara kamawa sai ya ƙarasa ta. Rana da zafi suna kashe ƙarfinsa, don haka wanda ya daɗe a kan teburin mai talla a rana ya zama kusan ruwa. Kuma kada a kuskura a gauraya shi da wani magani, ko a kwarara shi kan tarin kashi, iskar da ke tashi tana ƙona ido da ƙirji. Na san mutane suna haɗa bilic da Izal a bokiti ɗaya wai don ya yi ƙarfi. Abin da suke samu shi ne tari da asarar duka biyun.

Sai magungunan da aka yi musamman don gidan gona. Wanda na fi sani shi ne Virkon S, gari ne da ake jiƙa giram 10 a lita ɗaya ta ruwa, ya koma launin hoda. Idan launin ya kwanta, ƙarfin ya tafi, shi ya sa ba a haɗa shi a ajiye fiye da 'yan kwanaki. Yana cin ƙwayoyin Gumboro da na Newcastle, wata muguwar cutar kaji mai saurin yaɗuwa. Tsadarsa ta fi ta Izal da bilic nesa, amma ka yi lissafi da faɗin ɗakinka: ana fesa kusan mililita 300 a kowace murabba'in mita. Ƙaramin ɗakin bayan gida ba zai ci maka gari mai yawa ba. Akwai kuma masu sinadarin aidin, waɗanda na fi so a wajen wanke mazuban ruwa. A wannan rukunin abin tsoro shi ne jabu da wanda ya gama aiki. Ka nemi lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, ka guji wanda aka ɗura a robar ruwa ba takarda, ko da mai shagon ya rantse maka.

Fomalin kuwa, wanda ake haɗawa da wani baƙin gari ya yi hayaƙi, manyan gidajen ƙyanƙyasa suna amfani da shi kuma yana aiki. Ni ba na ba ɗan gidan haya shawararsa. Sai an toshe ɗakin ruf kafin ya yi amfani, alhali ɗakunanmu rabi raga ne. Hayaƙinsa guba ne, an kuma tabbatar yana cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji. A gidan da tagar maƙwabci ke kallon ɗakin kajinka, ga yara suna wasa a tsakar gida, wannan ba abin gwaji ba ne. In har ya zama dole, likitan dabbobi ya yi da hannunsa.

Akwai cuta ɗaya da duk waɗannan ba su cika yi mata komai ba, ita ce mai sa kashin jini, wadda likitoci ke kira koksidiyosis. Ƙwanta yana da ɓawo mai tauri, bilic ba ya fasa shi, kuma danshi da ɗumi su ne abincinsa, Legas kuwa ta tara duka biyun. Abin da ke karya shi bushewa ne da zafi da kwashe ƙasar da yake ciki. Nan ne maganar daɓe ta shigo. Idan ƙasa ce tsurarta, a kankare samanta a fitar, a zuba sabuwa. Idan da hali, buhunan siminti kaɗan su fi maka kowace robar magani amfani, don daɓen siminti ana wanke shi, ƙasa kuwa ba ta wankuwa. In simintin ne dama amma ya tsattsage, a cike tsagar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka wasu ƙananan ƙwari masu shan jinin kaji, a tsaga suke yini da rana su fito da dare.

Garin laim na masu gini yana taimakawa wajen busar da daɓe da shafe bango. Wasu na kiransa farar ƙasa, amma ba ita ce farar ƙasar da iyayenmu mata ke shafe ɗaki da ita a ƙauye ba, waccan ado ce kawai. Laim iri biyu ne: ɗanye mai tafasa idan ya taɓa ruwa, da wanda aka riga aka kashe da ruwa. Na biyun ya fi sauƙin sarrafawa. Kowanne ka saya, a share abin da ya yi saura kafin a zuba shimfiɗa, yana ƙona tafin ƙafar ɗan tsako. Game da ƙwari kuma, ka nemi maganin da aka rubuta an yi shi don ɗakin kaji, a fesa tun ɗakin yana wofi. Sniper da ota-fiya-fiya ba kayan ɗakin 'yan tsaki ba ne. Tun 2019 NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper a kasuwanni saboda haɗarinsa.

Shimfiɗa ita ce wurin da na ga mutane sun fi yin ganganci, bayan sun kashe kuɗi a magani. Zaɓi uku ne. Akwai ɓawon katako, wanda ke fita a nannaɗe idan kafinta yana goge katako. Akwai garin katako mai laushi na bakin zarto. Akwai ɓuntun shinkafa. Na farkon shi ne gwani: yana shan ruwa, iska na ratsa shi, ɗan tsako ba ya iya haɗiye shi da yawa. Garin katako ya fi arha, wani lokaci kyauta, amma ɗan tsako na kwana biyu bai san bambancinsa da abinci ba, ƙurarsa kuma tana shiga hanci. Ɓuntu yana da kyau in ya bushe, sai dai a Legas ba a tarar da shi a jibge kamar a Kura ko Argungu. Abin lura na musamman a nan garin: gungumen da ake yankawa a wasu wuraren yankan katako ta ruwa ake jawo su, katakon a jiƙe yake shiga inji. Shimfiɗa mai danshi tana yin funfuna, funfunar nan kuma tana kama huhun 'yan tsaki, ka gan su suna buɗe baki suna neman numfashi, ba allurar da za ta tashe su. Ka cusa hannu tsakiyar buhu, ka damƙa, ka shinshina. In ya dunƙule ko yana warin ruma, ka bar masa kayansa. Wanda ka saya ka baza a rana, sannan ka zuba kaurin santimita 5 zuwa 8.

Raga ba ta bukatar dogon bayani. Siririyar nan mai ido kamar saƙar zuma tana tsare kaza ne kawai, ba ta tsare ɓera. Ɓerayen kwatar Legas kuwa kowa ya san girmansu, suna jan ɗan tsako ta ƙafa. Sayi mai kauri mai ƙananan ido, kamar rabin inci, wadda aka yi wa rufin hana tsatsa, musamman in kana wajen Ojo ko Badagry inda iskar teku ke cin ƙarfe. Araha ba ta ado.

Ɗumi kuma: makon farko 'yan tsaki suna son zafin da ya kai maki 32 zuwa 35 a daidai tsayinsu, a riƙa rage kusan maki 3 kowane mako. Mutane na cewa ai Legas da zafi. Da rana ƙwarai, amma daren da aka yi ruwa sanyi yana sauka. Ƙwan lantarki shi ya fi tsabta, sai dai ya zama tsohon samfurin nan mai zafi, sabon mai farin haske da ba ya cin wuta ba ya ɗumama komai. Matsalarsa kowa ya sani, a ɗauke wuta ƙarfe biyun dare. Murhun gas na 'yan tsaki ya fi daidaita zafi, kuɗin farko ne da nauyi. Kaskon gawayi shi ne na talaka kuma yana aiki, in an bi ƙa'ida: a hura a waje sai hayaƙi ya ƙare ya zama garwashi, a ɗora shi kan bulo nesa da shimfiɗa, a kewaye shi da raga, kuma kada a rufe tamfol ruf. Iskar gawayi ba ta da wari, tana kashe kaji, tana kashe mai kwana kusa da su. Ga mai 'yan tsaki 200, ni gawayi nake zaɓa, da ƙwan lantarki ko fitilar sola don haske. Ma'aunin zafi yana da kyau, amma 'yan tsakin ma suna faɗa: in sun cunkushe jikin kasko sanyi suke ji, in sun gudu gefe suna haki zafi ya yi yawa, in sun bazu suna ci to daidai ne. A kunna wutar kwana guda kafin su iso, don shimfiɗar ta yi ɗumi.

Tsofaffin mazubai: na roba da bai fashe ba a wanke a jiƙa a magani a ɗauraye. Na katako da na kwano mai tsatsa a zubar. Ruwan sha kuma ka san inda ya fito. Rijiyar da ke maƙwabtaka da salga ba ta dace ba, in kuma daga 'yan garuwa kake saye, ka tambaye su famfon da suke ɗiba. Duk wannan bai ɗauke maka rigakafin Gumboro da na Newcastle, wanda ake kira Lasota, ba, ka karɓi jadawalin daga inda ka sayi 'yan tsakin ko wajen likitan dabbobi.

Ɗan yayata ya je ya tambaya. Wata dattijuwa a gidan ta ce masa kajin mutumin kashin jini suka yi ta yi da damina har ya gaji ya sayar da sauran. Kuɗin da ya ware na magani, kaso mafi yawa ya tafi a siminti da yashi da ladan birkila. Ya sayi ƙaramin ƙunshin Virkon, bilic na mazubai, Izal na kwanon bakin ƙofa, da silifas guda da ba ya fita daga ɗakin. Ya ɗaga odar 'yan tsakin da kwana goma, yana ƙunƙuni, saboda daɓen bai bushe ba.