Tyrrell mai taya shida ko Lotus 49 ta ƙarfe: amsa ga ƙanenmu

Ƙanena, ka tambaya wacce za ka saya cikin 'yan ƙananan motocin tseren Formula 1 guda biyu, irin waɗanda mutum ke haɗawa da hannunsa: sayi Tyrrell ɗin. Tsakanin Tyrrell P34 ta roba mai ma'aunin 1/20 (wato an rage girman motar gaske sau 20) da ka sa hoton kwalinta, da waccan 'yar Lotus 49 ta ƙarfe mai 1/43 da ta ɗauke maka hankali, ba sai ka kwana kana juyi ba. Dukansu biyun sun shiga hannuna. Ɗaya tana falo cikin akwatin gilashi, ɗayar tana cikin gwangwanin alewa a ƙasan durowa, shekara ta huɗu ke nan.

P34 ta kamfanin Tamiya na Japan ce motar tsere ta farko da na haɗa har ƙarshe. Ranar da na gama ta, maƙwabcinmu, wani dattijon bakanike da ya tsufa a gareji, ya shigo gaisuwa. Ya ɗauke ta, ya ƙirga tayoyin, ya sake ƙirgawa da ɗan yatsa, sannan ya ce da ni, “Alhaji, ko dai ragowar taya ka samu a kwalin ka ƙi yarwa?” Na rantse masa haka motar take, ya ce ai ko tirela ba a gaba take tara taya ba. Sai da na nuna masa bidiyon tseren a waya. Ya daɗe shiru, daga baya ya ja kujera ya zauna yana bin sandunan sitiyarin da tsinken sakace, yana so ya gane yadda sitiyari ɗaya ke juya taya huɗu. Har aka kira magariba yana nan. Da zai tafi ya ce shi ma yana yaro motar kara yake yi, amma bai taɓa kaiwa taya shida ba.

Ba laifinsa ba ne, motar ce abin mamaki. Derek Gardner ne ya zana wa kamfanin Ken Tyrrell ita, da tunanin cewa manyan tayoyin gaba suna tare iska. Sai ya sa ƙanana masu rim inci 10, waɗanda ke ɓuya a bayan hancin motar, ya kuma ninka su huɗu don kada riƙon titi ya ragu. A tseren Suwidin na 1976, a filin Anderstorp, Jody Scheckter ɗan Afirka ta Kudu ya zo na ɗaya da ita, Patrick Depailler ɗan Faransa ya zo na biyu da 'yar'uwarta. Wannan ce nasararta tilo, kuma har yau babu wata mota mai taya shida da ta sake cin tseren Formula 1. Daga ƙarshen 1977 aka ajiye ta, domin Goodyear sun ci gaba da inganta manyan tayoyi, ƙananan kuwa da mota ɗaya kawai ke amfani da su aka bar su a baya.

Dalilin kawo wannan tarihi shi ne lissafi. Rim mai inci 10, in ka rage shi zuwa 1/20, ya zama rabin inci, wajen milimita 13. Yatsa zai riƙe shi, buroshi zai shiga cikinsa. Irin wannan rim a 1/43 bai cika milimita 6 ba. Ita Tyrrell ɗin in ta haɗu ta ɗan haura sentimita 20, Lotus ɗin kuwa ba ta kai sentimita 10 ba. Mutane kan ɗauka ƙaramar mota ƙaramin aiki ce. Ai a wannan sana'a ƙanƙanta ita ce wahalar.

Sannan mutanen Tamiya da ke birnin Shizuoka sun san motar nan ciki da waje. Da ita suka buɗe jerinsu na 1/20 a 1977, kuma akwai P34 ta gaske ajiye a hedikwatarsu. Za ka ji hakan a hannunka. Kowane yanki yana da lamba a jikin firam, wato ƙashin robar da yankunan ke zuwa manne a jikinsa, takardar bayani tana nuna maka fentin da za ka sa da inda zai zauna, kuma in ka gwada yanki biyu ba gam, sai ka ji sun zauna da kansu. Gam ɗin roba narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu guda, don haka kana da ɗan lokacin gyara kafin ya kama. Ka nemi mai ruwa-ruwa wanda ke da ɗan buroshi a murfinsa: ka haɗa yankunan tukuna, ka taɓa bakin haɗin, shi da kansa zai bi layin ya shige.

Inda za ka more kuɗinka shi ne injin. Ford Cosworth DFV ne, mai silinda 8, lita 3, kuma a motar 1976 a fili yake, ba murfi. Mako biyu na yi a kansa kaɗai, ban gaji ba. Na shafa ruwan aluminiyam a jikinsa, da ya bushe na tsinka baƙin fenti sosai har ya zama kamar ruwan shayi, na bar shi ya gangara cikin lungunan. Nan take injin ya daina kama da abin wasan yara. Wayoyin fulogi guda 8 kuwa ban sayi komai ba: tsohuwar wayar kunne na farke, na zaro siraran wayoyin ciki, na huda ramuka da allurar da na ɗan gasa. Salansa na yi mata ruwan ƙarfe, sannan na ɗan shafa ruwan ƙasa da shuɗi kusa da inji, inda zafi ke canza wa ƙarfe launi. Dattijon nan da ya gani sai ya ce, “Wannan injin ya yi tafiya.” Ban taɓa samun yabon da ya kai wannan ba.

Kayan da aka yi wa ruwan azurfa mai ƙyalli, kada ka yarda da su yadda suka zo. Gam ba ya kama wannan rufin, dole ka kankare shi da reza a wurin haɗi. Ni ma cire shi nake yi gaba ɗaya: in jiƙa su a ruwan bilic na wanki, in wanke, in yi musu fenti da kaina, don ƙyallin ya yi yawa ga motar tsere. Tayoyi kuma suna zuwa da siririn layi a tsakiya, inda bakin abin zubin ya haɗu. Bi shi da samfefa mai laushi har ya ɓace, tayar za ta fito kamar ta taka kwalta.

Abu ɗaya ne zai gwada haƙurinka a P34, kuma gara ka sani tun yanzu: taya shida dole su taɓa ƙasa tare. Mota mai taya huɗu tana yafe ɗan karkace, wannan ba ta yafewa. In gatarin gaba ɗaya ya ɗaga da kaurin takarda, duk wanda ya sunkuya zai ga taya tana lilo a iska. Abin da na yi, na samo ɓallin gilashin taga, na ɗora motar a kai tun gam bai gama kamawa ba, na aza mata ɗan nauyi, na tafi na kwanta. Akwai kuma 'yan tagogi a gefen mazaunin direba, waɗanda aka huda wa motar gaske don ya riƙa ganin tayoyin gaba. Su da duk wani abu mai kama da gilashi, kada sufa gulu ya kusance su, tururinsa farar da su yake yi. Farin gam na kafintoci ya isa, in ya bushe ba a ganinsa.

In akwai zaɓi, ɗauki ta 1976. Shuɗi ce baki ɗaya, layukan ɗorawa da sunan kamfanin mai na Elf duk sitika ne. Ta 1977, wadda Ronnie Peterson ya tuƙa, shuɗi da fari ce, sai ka yi ta fama da salatif wajen raba launi, kuma hannun farko bai cika fitar da layi miƙaƙƙe ba.

To, Lotus ɗin. Motar gaske ba abin rainawa ba ce: da ita Jim Clark ya ci tseren Holan a Zandvoort a 1967, ranar farko da ita da injin DFV suka fito fili. Tawa daga wani ƙaramin kamfani na Turai ta zo, na biya kusan ninki biyun kuɗin Tyrrell, na buɗe na tarar da 'yan ledoji cike da gutsattsarin ƙarfe mai laushi da takarda guda mai zane. Ba lamba, ba jeri. Kowane yanki sai ka bi shi da magagari, kowane rami sai ka huda da kanka. Gam ɗin roba ba ya aiki a nan, sai sufa gulu ko gam mai haɗi biyu, ko ka koyi dalma mai narkewa a ƙaramin zafi, wadda in hannunka ya daɗe kaɗan yankin ma ya narke. Ƙarfen kuza ce da gauraye, tsofaffin har da dalma a ciki, ba abin da za ka goge a inda yara ke rarrafe ba ne. Kuma dabarar da ta ɗaukaka motar ita ce ta kayar da ni: Colin Chapman, mai kamfanin Lotus, ya mayar da injin wani ɓangare na ƙashin motar, bayanta duka a jikinsa yake rataye. A 1/43, nauyin ƙarfen nan duka yana kan haɗin da bai kai faɗin farce ba. Sau uku yana ɓallewa. A na huɗu wata sandar taya ta tsalle daga bakin hantsaki, har yau ban san inda ta faɗa ba.

Ba zan zalunce ta ba: tana da nauyi mai daɗi a tafin hannu, kuma ba ta cin wuri. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu sayarwa, don nan ne ake cin sababbin shiga. Akwai masu ɗauko hoto a intanet su sa, kayan da zai iso maka daban. Akwai masu buɗe tsohon kwali, su cire sitika ko tayoyi su sayar daban, su sake naɗe kwalin da leda su ce sabo ne fil. Leda a waje ba shaida ba ce, ledojin ciki ne shaida. Ka ce mutum ya buɗe, ya jera firam ɗin duka, da tayoyi shida, da takardar sitika, ya ajiye 'yar takarda mai kwanan watan ranar a gefe, ya ɗauki hoto. Wanda ya fara cewa “ai ba a buɗewa” ko “wani na jira, turo kuɗi yanzu”, ka bar wa wanin. Ka dubi takardar sitikar da kyau: in ta yi rawaya ko tana da tsage-tsage, da ta shiga ruwa za ta wargaje, kuma Tyrrell ba sitika shuɗin kwale-kwale ce kawai. A ɓangaren ƙarfe abin ya fi muni, domin akwai masu kwafar kayan wani su sake zubawa. Alamarsu gefuna marasa kaifi, ƙananan ramukan kumfa, da farashin da ya yi arha fiye da hankali. Na ma ga wanda ya sayar wa wani yaro motar wasa haɗaɗɗiya, ya kwance kusoshinta ya zuba a leda wai ta haɗawa ce.

Fenti ne zai ba ka ɗan ciwon kai a ƙasar nan. Gwangwanin fesawa ba a ɗauko shi a jirgin sama, don haka kada ka sa shi a odarka ka zauna jira. Ƙananan kwalabe na buroshi sun isa inji da cikin mota. Bodi kuwa, in fentin fesa na kasuwa za ka yi amfani da shi, ka fara gwadawa a kan ragowar firam, don wani yana cin roba ya bar ta kamar fatar lemo. Ka sa fentin share fage tukuna, sannan shuɗin a hankali, shafi uku marasa kauri, da tazarar kamar taƙi ɗaya. A waje za ka fesa, ba a ɗaki ba. Lokacin hunturu ka yayyafa ruwa a tsakar gida kafin ka fara, kana gamawa ka kifa roba a kai, in ba haka ba ƙura za ta zauna a fentin ta zama nata. Da damina kuma ka guji ranar da iska ta jiƙe, fenti kan yi hazo-hazo. Sitika a kan fenti mai sheƙi ake sa ta, da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ka danne da audugar kunne daga tsakiya zuwa gefe. Kada kuma ka bar kwalin cikin mota a rana a watan Afrilu.

Kayan aikin farko ba su da yawa: abin yanke farce sabo don cire yanki daga firam, reza, samfefa mai laushi, hantsaki, buroshi biyu, gam. Sauran kuɗin da ka ware wa Lotus, sayi akwatin gilashi da shi.

In kwalin ya iso, sa mana hoton firam ɗin a nan kafin ka yanke komai, mu taya ka ƙirgawa. In kuma bayan ka gama har yanzu ranka na kan Lotus ɗin, zo ka karɓi gwangwanin alewar nan kyauta. Sanda ɗaya ce babu.