Mai lambu ya ceci tuffata, yaronsa ya ɓata min rai

Bishiyoyin tuffa biyu ne a bayan gidanmu a Bukuru, Anna da Dorsett Golden, kuma marigayi mahaifina ne ya dasa su da hannunsa. Bayan ruwan Agusta sai na ga ganyen Anna yana yin rawaya yana zuba. Da na duƙa na taɓa gindinta, ɓawon ya yi baƙi ya yi laushi, har yatsana ya nutse a ciki, ga wani wari mai tsami. Wallahi ranar ban iya cin tuwon dare ba.

Na kira wani mai lambun dashe da maƙwabcina ya yaba min. Na zaci feshi zai yi ya karɓi kuɗinsa ya tafi, kamar yadda aka saba. Ashe ba haka ba. Ko jakarsa bai buɗe ba ya tsuguna ya fara tone ƙasa da hannu, ya ce, "Alhaji, wa ya binne mata wurin aure?" Ni ne na tara ƙasa da taki a gindin, ina ganin gata nake yi mata, ashe damshi nake tsare wa ruɓa. Ya yaye ƙasar har wurin auren, wato gaɓar da aka haɗa reshen tuffar da gindin dashen, ya fito sarari, ya kankare ruɓaɓɓen ɓawon da wuƙa sai da ya kai ga lafiyayyen itace, ya shafa maganin nan mai sinadarin jan ƙarfe, sannan ya ja wa ruwa hanya. Da na ce a cike ramin da siminti ko a shafa baƙin mai, ya ƙi ƙememe, ya ce iska ciwon yake so ya bushe. Yanzu bakin ciwon ya fara haɗewa, ga sabon toho. Allah ya saka masa.

Amma duk lokacin da na kalli ɗayar sai raina ya ɓaci. Muna can muna fama da Anna, yaronsa ya hau Dorsett da zarto, ba wanda ya sa shi, ya sare manyan rassa uku masu lafiya. Ita ce fa ke ba Anna barbara idan sun yi fure! Kuma almakashin da aka yanka ruɓa da shi, da shi ya bi ƙananan rassan, ko ruwan Hypo bai tsoma shi ba. Ruɓaɓɓen ɓawon ma nan suka bar min, ni na kwashe na ƙona.

Na kira mai lambun sau biyu a kan maganar, ya ce zai zo ya duba. Yau sati biyar ke nan. In zan sake kiransa, to shi kaɗai zai shigo min gida.