Tanjabur ko Madurai? Ka yanki tikitin Tanjabur

Malam, tunda hutun karatun naka gajere ne kuma daga Chennai za ka tashi, tsakanin Tanjabur da Madurai, garuruwan kudancin Indiya da ka tambaya, ni dai Tanjabur zan ce maka. Ka hau jirgin ƙasa na dare daga tashar Egmore, gari na wayewa kana can. Tafiyar kusan kilomita 350 ce, ta Madurai kuwa ta haura 450.

Babban gidan bautar Hindu na Tanjabur, wanda 'yan garin ke kira Periya Kobil, Sarki Rajaraja na ɗaya na daular Chola ne ya gina shi, aka kammala a 1010. Hasumiyarsa ta kai kusan mita 66, kuma tun daga tushe har ƙololuwa dutse ne mai tauri, alhali yankin ƙasar noman shinkafa ce ta bakin kogin Kaberi, babu duwatsu irin waɗannan a kusa. Daga nesa aka jawo su. Dutsen da ya rufe saman kaɗai ana ƙiyasta shi da tan 80, kuma abin da ake faɗa shi ne tudun ƙasa mai tsawo aka yi, giwaye suka ja shi har sama.

Ni abin da ya tsayar da ni ba tsayin ba ne, rubutun da ke jikin bangon ne. Na shiga da sassafe, kafin rana ta gasa daɓen, sai na tarar da wani dattijo, tsohon malamin makaranta, yana bin layukan da yatsa yana karanta wa jikokinsa. Ganin na tsaya ina kallo ya yafito ni, ya riƙa fassara mini da Turanci. Ashe lissafi ne: zinariyar da sarki ya bayar, kyautar yayarsa Kundabai, ƙauyukan da za su riƙa kawo shinkafa, makiyayan da aka danƙa wa dabbobi don su riƙa kawo man kunna fitilu, har da sunayen mata 'yan rawa kusan 400 da gidan da aka ba kowacce. Sarki ya sa an sassaƙa littafin kuɗin gidan a kan dutse, inda kowa zai gani. Da muka gama na miƙa wa dattijon wani abu, ya ƙi karɓa, ya ma saya mini shayi a bakin ƙofa.

Wurin ibadar mutane ne har gobe, don haka za ka cire takalmi, ka kuma kama kanka. Harabar tana da faɗi, ana iya zagaya ginin a tsanake a ɗauki hoto ba tare da an kutsa inda suke bautarsu ba.

Daga nan ka tari adaidaita zuwa fadar garin. Sarakunan Nayak ne suka fara ta a ƙarni na 16, Maratawa, mutanen yammacin Indiya, suka gaje ta a shekarun 1670. Ginin ya tsufa, wasu sassan ma sun sha jiki, amma a ciki akwai ɗakin karatu na Saraswati Mahal, wanda Sarki Sarfoji na biyu ya haɓaka, cike da dubban rubuce-rubucen hannu a kan ganyen giginya, ga kuma zauren kayan tagulla na zamanin Chola. In ka samu ƙarin yini, ka leƙa Gangaikonda Cholapuram, birnin da Rajendra ɗan Rajaraja ya kafa, wannan da ya tura jiragen yaƙi ta teku har daular Sribijaya, a Indonesiya ta yau, a 1025. Hukumar UNESCO ta sa gidan bautar Tanjabur cikin kayan tarihin duniya a 1987, ta haɗa da na Rajendra da na garin Darasuram a 2004.

Madurai fa? Ba zan ci haƙƙinta ba, ta girmi Tanjabur nesa ba kusa ba, ita ce fadar sarakunan Pandiya, kuma hasumiyoyi 14 na gidan bautar Minakshi, da launukansu, suna da kyau daga waje. Sai dai yawancin ginin da za ka gani na ƙarni na 16 da 17 ne, ba a shiga da waya, wanda ba Bahindu ba yana da iyakar da ba ya wucewa, cunkoso kuwa kamar Kantin Kwari a jajibirin Sallah. Fadar Sarki Tirumalai Nayak ta 1636 kwata ɗinta ne ya rage, don jikansa ya rushe sauran ya kwashi kayan zuwa Tiruchi. Kuɗin da na ba wani kamfanin yawon buɗe ido a can har yau yana yi mini ciwo.

Ba ka tambaya ba, amma ka ji. Shiga gidan bautar Tanjabur kyauta ne, duk wanda ya tare ka da maganar tikiti ɗan damfara ne, abin da za ka biya bai wuce na ajiyar takalmi ba. Masu rakiya za su ce maka inuwar hasumiyar ba ta taɓa ƙasa, ka jira la'asar ka gani da idonka. Direba in ya ce zai biya da kai shagon ɗan'uwansa, kamasho yake nema. Wanda kuma ya nuna maka tagulla ko faranti ya rantse cewa na zamanin Chola ne, ka wuce abinka. Yawanci sabon aiki ne irin na maƙeran Swamimalai da aka shafa wa tsufa, in ma na gasken ne, dokar Indiya ta 1972 ta hana fita da kayan tarihi da suka haura shekara 100, a filin jirgi za a riƙe ka.

Ka sayi tikitin jirgin da wuri, kujerun kwana suna saurin ƙarewa. Allah ya kai ka lafiya.