Bashi ko adashe: amsa ga ƙanwata mai son yin masta

Ƙanwata, Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Hanya biyun da kika ajiye mana, ki ci bashi ki bar aiki ki tafi Yamai yin masta kan aikin kula da al'umma, ko ki riƙe aikinki ki yi ta da yamma nan Maraɗi kina biya da kaɗan-kaɗan, duka na taka su da ƙafata. Ki ɗauki ta biyu.

Bashi amfaninsa ɗaya ne, kuɗi na zuwa a dunƙule, kuma ban musa ba Yamai ta fi mu malamai da littattafai. Na ci shi na tafi. Wata 5 da zuwana Inna ta kwanta, ga tafiyar sama da kilomita 600 tsakanina da ita, dole na tattaro na dawo. Karatu ya tsaya, amma shekara 2 ana yankar kuɗin daga albashin yayana da ya tsaya mini. Ƙananan asusun ba da lamuni doka ta yarje musu su kai ruwan kashi 24 cikin 100 a shekara, ban da nauyin da riba ke ɗora wa zuciya. Har yau in na tuna sai kunyarsa ta kama ni.

Da na tashi sake gwadawa, adashe ne ya riƙe ni. Mu 12 ne a unguwarmu, da mai tuyar ƙosai, da malamai 'yan kwantiragi biyu, da wata ungozoma, kowa na zuba jika 20 a wata. Kwasata ta faɗo a watan Maris, rajista kuwa Oktoba ake yi. Ban roƙi kowa ba. Uwar adashenmu, tsohuwar da ko aji ɗaya ba ta taɓa zama ba, ita ta ji labari ta ce a juya, in karɓi tata ta Oktoba ita ta jira Maris. Na je godiya na tarar tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗago ba ta ce in tafi in yi karatu, in na gama in riƙa duba musu takardun asibiti. Jika 240 ta ƙirga mini a hannu, babu sa hannu, babu ruwan ko dala. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tsarin Mata Masu Dubara da ƙasashe da dama suka kwaikwaya a Nijar aka fara shi a 1991, da asusun mata irin waɗannan.

Abin da ya fi kuɗin muhimmanci shi ne aikin da ke hannunki. Karatun nan namu a cikin mutane ake koyonsa. Lokacin da 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato suka kwararo yankin Gidan Rumji a 2019, ina cikin masu rajistar mata da yara, kuma daga bakin matan nan na samo abin da na rubuta memuwar ɗina, wato kundin binciken kammala karatu, a kai. Abokan karatuna da suka ajiye aiki sai da suka yi ta yawon neman inda za a karɓe su sitaj, wato koyon aiki a aikace, ni kuwa da rana ina gani, da yamma malami na ba abin suna. Kujerar aiki kuma in kika tashi, kafin ki juyo wani ya zauna.

Da wahala, ba zan ɓoye miki ba. Mastar shekara 2 sai da ta ci mini 3. Akwai daren da na yi barci bisa littafi da hijabin aiki a jikina. Amma kullum ni ke ba Inna maganinta na dare, kuma lokacin da tiyar hatsi ta yi tsada da damina albashina na nan yana shigowa.

Ba ki tambaya ba, amma ki ji wannan. Kafin ki ba kowace makaranta mai zaman kanta ko dala, ki ce su nuna miki takardar izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi, kuma ki duba ko sunan wannan fannin da kike so yana ciki, don wasu izinin lisansi, wato digirin farko, kawai gare su suna sayar da masta. Ki tambaya ko CAMES, majalisar da ke tantance digirin jami'o'i a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, ta amince da digirin. In suka fara kame-kame, ki ɗauki jakarki. Na san wadda ta biya shekara 2 cur, ranar ajiye dosiyen gasar shiga aikin gwamnati aka maido mata takardarta. Kada ki biya a hannun mutum, ki biya a wurin karɓar kuɗin makarantar ki amshi rasit mai hatimi. Su kuma masu yawo a WhatsApp suna cewa a turo jika 50 za su samo burs, wato tallafin karatu, ta Turkiyya, ƙarya suke, neman wannan burs kyauta ne ta intanet. Ta gwamnatinmu kuma ANAB, hukumar ba ɗalibai tallafin karatu, ke da ita, ki tambaye su kai tsaye.

Gonar Baba da na ji wasu na ba ki shawarar a sayar, kada ki yarda ko jingina a yi, daga ita ƙannenki ke ci. Ki nemi adashe tun yanzu, ki gaya wa uwar adashen gaskiya cewa kwasar Oktoba kike so, sannan ki roƙi makarantar ta raba miki kuɗin kashi 3 a rubuce. Ki gaishe mini da Baba da jiki.