Irin tsirran fireri da na saya: sai a shekara ta uku ya fara biyan kuɗinsa

A watan Mayun 2021 na shuka haɗaɗɗen irin tsirran fireri a bayan gidanmu a jihar Minisota, wato ciyawa da furannin da suka lulluɓe filayen tsakiyar Amurka kafin garma ta cinye su, har abin da ya rage a wannan jiha bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Na gaji da yankan ciyawar ado duk mako da kuɗin ruwan ban ta, kuma hoton da ke jikin jakar irin ya yi mini alƙawarin lambu mai launi iri-iri.

Abin da ba a rubuta a jikin jakar ba shi ne yawancin irin furannin ba ya tsirowa sai ya kwana cikin sanyi da danshi na wata ɗaya zuwa biyu, don haka a Nuwamba ya kamata a watsa shi, ƙanƙara ta danne shi har ƙarshen hunturu. Ni kuwa na shuka da zafi, a shekarar da aka yi fari, sai fili ya cika da baƙuwar ciyawa har gwiwa. A Agusta takarda ta zo daga hukumar gari cewa wani maƙwabci ya kai ƙara, kuma in ban sare duk abin da ya wuce inci 8 ba za a turo ma'aikata su sare, a ɗora mini kuɗin aiki. Ranar na tsaya da takardar a hannu ina duban filin, maiɗakina tana leƙowa ta taga tana cewa: "Malam, wannan ita ce gonar da aka kashe wa kuɗin cefane?" Da na kira masu sayar da irin, sai wata mata ta ce ai kowa ya san ana datse filin sau da yawa a shekarar farko domin rana ta kai ga ƙananan tsirran. To in kowa ya sani, me ya hana a buga layi biyu a jikin jaka?

Shekara ta biyu furanni masu ruwan ɗorawa da baƙin ido a tsakiya suka fito, ba laifi. A 2023 ne raina ya yi fari. Ruwa ya ɗauke, ciyawar maƙwabta ta ƙone ta yi ja, tawa kuwa tana tsaye shar ba tare da na ba ta ko bokiti ɗaya ba, saboda saiwar wasu daga cikinsu tana nutsewa fiye da mita 2. Doguwar ciyawar da ake kira big bluestem ta fi ni tsawo, kuma tun daga nesa na ga kamar gamba, ashe 'yan gida ɗaya ne, dangin Andropogon. Na tsinki kara ɗaya na murza a hannu, na tuna zanar gidan kakana. Da hunturu ban sare komai ba, ƙananan tsuntsaye suka yi ta tsattsagar busassun kawunan furanni a saman ƙanƙara.

Sai dai ko a nan akwai magana. An lissafa milkweed a cikin haɗin, ɗan'uwan tumfafiya wanda malam-buɗe-littafin monak yake saka ƙwai a kansa kafin jikokinsa su nufi Meziko, kuma saboda shi yarana suka matsa na saya. Tushe biyu kacal na ƙirga a duk filin. Ita kuwa doguwar ciyawar ta fara danne furannin, alamar an cika haɗin da iri mai arha. A 2023 jihar ta yi dokar da ta hana garuruwa haramta irin wannan lambu in ana kula da shi, amma maƙwabcin nan har yau gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu. Iri na gaba zan saye shi ɗai-ɗai, a wani wurin daban.